Wa Ke Magana a Madadin Ɗan Tsere? Lacca Kan Finafinan 'Yan Gudun Dogon Zango da Masu Horar da Su

 

 An nemi in yi magana kan finafinan da aka shirya a kan 'yan gudun dogon zango na gaske, mutanen da suka rayu, suka yi tsere, tarihi ya rubuta sunayensu, tare da masu horar da su. Zan soma da wahalar da ke gaban duk daraktan da ya ɗauki wannan aiki, domin daga nan sauran maganata za ta fito.

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Gwanin gwanaye yana cinye shi a awa biyu da 'yan mintoci, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ya cewa uffan. Ba ya naushin kowa, ba ya jefa ƙwallo a raga. Fuskarsa ma, in ƙwararre ne, ba ta nuna komai, don an koya masa ya ɓoye gajiya kada abokin karawa ya gani. Abin da ya kawo shi wannan matsayi kuwa ya fi tseren wuyar ɗauka: shekara da shekaru ana tashi da duku-duku, ana cin kilomita wajen 200 a mako, yau irin ta jiya, gobe irin ta yau. In mai kyamara ya ɗauki wannan ya kai sinima, kafin rabin awa ɗakin ya watse. Fim yana son baki biyu, yana son gardama, yana son wanda zai gaya wa mai kallo abin da ke gudana a ƙirjin mutumin da ke haki. Sai darakta ya waiga, ya hangi wani dattijo a gefen fili riƙe da agogo da usur. Shi ke nan, mafita ta samu. Koci ya zama sanƙiran ɗan tsere, ɗaya na aikin, ɗaya na shelanta wa jama'a ma'anarsa. To amma wanda aka miƙa wa magana, shi aka miƙa wa labari. Saboda haka ni a wurina, in kana son ka auna gaskiyar irin wannan fim, dubi yadda aka gina kocin cikinsa.

Fim ɗin da ya share wannan hanya ba ma na dogon zango ba ne. Chariots of Fire ne, na 1981, wanda Hugh Hudson ya ba da umarni, ya kuma ci kyautar Oscar huɗu har da ta gwarzon fim. Labarin Harold Abrahams ne da Eric Liddell, 'yan Birtaniya biyu da suka ci zinare a gasar Olamfik ta Paris a 1924, ɗaya a mita 100, ɗaya a mita 400. Abrahams, Bayahude ɗalibin Jami'ar Cambridge, ya ɗauki Sam Mussabini ya horar da shi a kan kuɗi, a zamanin da manyan Ingila ke ganin biyan koci abin kunya ne ga ɗan asali. A fim ɗin, ranar tsere Mussabini yana zaune a ɗakin otal, ba ya cikin fili, sai taken ƙasa da ya jiyo daga nesa ya gaya masa yaronsa ya ci. Daga wannan tsoho aka yanko kocin da muke ta gani har yau: mai baƙin rai a fuska, mai tausayi a zuci, wanda hukuma ba ta so. Kuma tun daga nan aka fara yi wa tarihi kwaskwarima. An nuna Liddell yana shiga jirgin ruwa ne ya ji cewa tserensa ya faɗo ranar Lahadi, ranar da addininsa ya hana shi gudu, alhali ya san haka watanni kafin tafiya, har ya karkata atisayensa zuwa mita 400.

Bari mu tsaya a Amurka, mu ɗan jima, don a nan ne misalin ya fi cika. Steve Prefontaine yaro ne daga Coos Bay a jihar Oregon, an haife shi a 1951. Ya mutu a haɗarin mota ranar 30 ga Mayu, 1975, yana da shekara 24, kuma a ranar da ya mutu shi ke riƙe da kowane tarihin gudu na Amurka daga mita 2,000 zuwa mita 10,000. Finafinai biyu aka yi a kansa kusan lokaci guda: Prefontaine a 1997, da Without Limits a 1998. Dukansu ba su yi kasuwa ba, amma na biyun, wanda Robert Towne ya ba da umarni, Billy Crudup ya fito a Prefontaine, Donald Sutherland ya fito a koci Bill Bowerman, har yanzu masu gudu na kallonsa suna maimaitawa.

Ƙashin bayan fim ɗin gardama ce guda ɗaya tsakanin yaro da malaminsa. Yaron yana ganin ragon mutum ne ke laɓewa a bayan wasu sai an zo ƙarshe ya ɓullo. Shi daga busa usur yake son ya kama gaba, ya gallaza wa kansa da kowa, wanda ya fi juriya ya ci. Kocin kuma yana da lissafinsa: na gaba shi ke fasa iska, na baya yana hutawa a inuwarsa, don haka mai kama gaba tun farko yana yi wa abokan karawarsa aiki ne kyauta. Wannan gardama ta gaske ce a fagen gudu, kuma birnin Munich ya yi mata hukunci a 1972. A tseren mita 5,000 an tafi a hankali, sai Prefontaine ya ƙara wuta a zagaye huɗu na ƙarshe. Lasse Virén na Finland ya ci zinare, Mohammed Gammoudi na Tunisiya ya ɗauki azurfa, kuma saura 'yan mitoci a kai layi Ian Stewart na Birtaniya ya wuce Prefontaine ya ƙwace tagulla. Ya dawo gida na huɗu, hannu rabbana, yana da shekara 21.

Fim ne mai kyau, ba na musu. Amma ku lura da wanda ya rubuta shi. Towne ya rubuta ne tare da Kenny Moore, wanda shi kansa ɗan gudu ne, ya zo na huɗu a fanfalakin Munich, almajirin Bowerman ne, kuma daga baya ya rubuta littafin tarihin malamin nasa. Shi ya sa duk magana mai nauyi daga bakin Bowerman take fitowa. Ga shi yana auna ƙafar ɗalibai yana ɗinka musu takalmi, ga shi yana lalata ƙarfen gashin wainar matarsa wajen neman sabon tafin takalmi, aikin da ya zama harsashin kamfanin Nike da suka kafa da Phil Knight. Duk wannan ya faru. Sai dai akwai wani mutum, Bill Dellinger, wanda ya ci tagulla a mita 5,000 a Tokyo a 1964. Shi ne mataimakin Bowerman, shi ke tsara yawancin atisayen Prefontaine na yau da kullum, kuma shi ya gaji kujerar a 1973. A Without Limits kusan ɗan rakiya ne. Fim ba ya iya ɗaukar uba biyu, sai ya zaɓi wanda ya fi iya magana, wanda kuma ke da kamfani a bayansa.

Wani lokaci ma ba a tsaya zaɓe ba, ƙirƙira ake yi. Ranar 6 ga Mayu, 1954, Roger Bannister, ɗalibin likitanci, ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya ƙasa da minti huɗu, a Oxford, cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4. Chris Brasher da Chris Chataway ne suka ja masa gaba, kuma Franz Stampfl, mutumin Ostiriya, shi ne kocin da ke ba su shawara. Da aka zo yin fim ɗin Four Minutes a 2005, sai aka ajiye Stampfl aka ƙago wani koci mai suna Archie Mason, aka ba Christopher Plummer ya fito a shi. Mutumin gaske bai dace da zubin da aka saba ba, sai aka ɗinka wanda ya dace.

McFarland, USA na 2015 ya bi wata hanyar. Kevin Costner ya fito a Jim White, malamin makaranta a wani ƙaramin gari na California inda galibin yara 'ya'yan leburorin gona ne 'yan asalin Meziko. A fim, an kore shi daga wani aiki, ya zo garin a 1987 bai san kowa ba, ya hangi yara na gudu, ya haɗa ƙungiya, kafin shekara ta fita sun ci kofin jiha. Kofin na 1987 gaskiya ne, makarantar ma ta ci shi har sau tara a ƙarƙashinsa. Amma White yana koyarwa a McFarland tun 1964. Shekara 23 na zama da mutane, na sanin iyaye da kakanni, aka dunƙule aka mayar da su zango ɗaya na karatu. Wannan ƙaryar ta fi ta Archie Mason illa a ganina, don tana koya wa mai kallo cewa baƙo mai ido ne ke zuwa ya tsinci baiwa a ƙasa. Abin da ya faru kuwa ya fi haka daraja: mutum ne ya zauna a wuri guda har gashinsa ya fara fari, kuma yaran sun zo masa da juriyar da suka samo a gona, inda suke tsinkar amfani tun kafin lokacin makaranta.

Yanzu mu dawo nahiyarmu, inda dogon zango ya tare tun 1960. Ranar 10 ga Satumba na wannan shekara, Abebe Bikila, sojan tsaron Sarki Haile Selassie, ya gudu fanfalakin Olamfik a birnin Rum ba takalmi, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinare a gasar. Italiya ce ta mamaye Habasha a 1935, kuma hanyar tseren ta bi ta gindin hasumiyar dutsen Aksum da sojojin Mussolini suka kwaso suka kafa a Rum. Kocinsa Onni Niskanen ne, mutumin Suwidin ɗan asalin Finland. Ga duk kayan haɗin fim irin na Hollywood: Bature mai agogo, baƙin soja mara takalmi. Amma da Rasselas Lakew, Bahabashe, da Davey Frankel suka yi Atletu a 2009, sai suka juya kyamara wani wajen. Sun bar tsofaffin hotunan Rum da na Tokyo, inda ya sake cin zinare a 1964 kimanin kwana 40 bayan an yi masa tiyata, su yi wa kansu magana. Nauyin fim ɗin ya sauka kan 1969, shekarar da haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu, da zaman jinya a Ingila, da yadda ya koma harbin kwari da baka daga kan keken guragu. Niskanen yana ciki, amma a matsayin aboki. Abebe ya rasu a 1973 yana da shekara 41. Da ɗan ƙasa ya riƙe alƙalami, labarin ya koma hannun mai ƙafar.

Sai Endurance na 1999, inda Haile Gebrselassie ya fito a kansa. Abin da ya tura yaron gudu a can rediyo ne, wanda ya ji labarin nasarar Miruts Yifter a Mosko a 1980 ta cikinsa, da kilomita 10 na zuwa makaranta a Asella, da uba manomi da ke ganin gudu shiririta ne. Ana yanko ƙuruciyarsa ana haɗawa da tseren mita 10,000 na Atlanta a 1996, inda ya doke Paul Tergat na Kenya. Magana kaɗan ce a fim ɗin, akasari numfashi ne da sawu. Wasu za su ce ya cika sanyi. Ni shi ne na ga ya fi kusa da yadda gudu yake.

In kuwa aka ce in ɗauki guda ɗaya in ba ɗalibi, Town of Runners zan ba shi, shirin gaskiya na Jerry Rothwell, na 2012. Bekoji ƙaramin gari ne a yankin Arsi na Habasha, a kan tudu mai tsayin mita kusan 2,800. Daga nan Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci mita 10,000 a Barcelona a 1992, baƙar fatar Afirka ta farko a mata da ta ci zinaren Olamfik. Daga nan Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito. Mutum ɗaya ne ya fara sa su a hanya, Sentayehu Eshetu, malamin motsa jiki, wanda ke tara yara fiye da ɗari da sassafe a cikin dajin itatuwan turare. Rothwell bai bi taurarin ba. 'Yan mata biyu ya bi, Hawii da Alemi, na tsawon shekaru, daga hannun Sentayehu zuwa sansanonin horo na wasu garuruwa, inda aka yi musu alkawarin abinci da makwanci da kulawa, suka tarar ba haka ba. A nan ne ka ga iyakar koci. Yana iya gyara wa yarinya yadda take ɗaga gwiwa, amma ba ya iya ciyar da ita in ta bar gari, kuma cikin ɗaruruwan da suka ratsa hannunsa, 'yan ƙalilan ne duniya za ta ji sunansu. Babu wani fim na ƙirƙira da na gani ya yarda ya faɗi wannan.

A Kenya ma akwai irinsa. Colm O'Connell, malamin mishan daga Ireland, ya je Iten a 1976 don koyar da labarin ƙasa a makarantar St Patrick, ba shi da ilimin horarwa, ya koya ne daga kallon yaran. Ya zauna har ya raini David Rudisha, wanda ya kafa tarihin mita 800 a Landan a 2012. Sai Patrick Sang, wanda ya ci azurfa a Barcelona a 1992, kuma yake horar da Eliud Kipchoge tun yana saurayi. Su biyun ne a Kipchoge: The Last Milestone na 2021, kan gudun Vienna na 12 ga Oktoba, 2019, inda Kipchoge ya gama fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Ba a lissafa shi a tarihin hukuma ba, domin 'yan ja-gaba 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska, ga mota a gaba tana haska musu saurin da za su bi. Fim ɗin yana da ƙamshin talla, dole in faɗa, kamfanoni masu kuɗi ne suka ɗauki nauyin gudun. Abin da ya cece shi shi ne sansanin Kaptagat, inda attajirin ɗan tsere ke shara da wanke-wanke tare da yaran da ba su taɓa cin ko sisi ba.

Saura ɓangaren da finafinan nan suka fi gudu, wato ikon da koci ke da shi a kan jikin yaro. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, da yawanmu sun kalli Bhaag Milkha Bhaag na 2013, inda kocin soja ke gasa wa Milkha Singh aya a hannu, ana kiɗa, mu kuma muna jin daɗi don mun san zai yi nasara. To ku nemi Budhia Singh: Born to Run na 2016. Budhia yaro ne daga unguwar talakawa a Bhubaneswar, jihar Odisha, wanda talauci ya sa uwarsa ta sayar da shi a kan kuɗin Indiya rupee 800. Biranchi Das, kocin judo, ya karɓo shi ya riƙe. A 2006, yana ɗan shekara huɗu, aka sa shi ya gudu kilomita 65 daga Puri zuwa Bhubaneswar, sama da awa bakwai a cikin zafi, 'yan jarida na biye, har ya yanke jiki ya faɗi. Hukumar kula da yara ta hana shi gudun dogon zango, daga baya aka mayar da shi ɗakin kwanan 'yan wasa na gwamnati. An harbe Das har lahira a 2008. Manoj Bajpayee ya fito a kocin, kuma darajar fim ɗin ita ce ka fito ba ka gama yanke hukunci ba: mutumin nan ya ceci yaro daga yunwa, ya so shi, kuma ya ɗora masa abin da bai kamata a ɗora wa ɗan shekara huɗu ba. Duk da haka, a ganina fim ɗin ya sassauta masa fiye da kima. Shirin gaskiya na Gemma Atwal, Marathon Boy, na 2010, ya fi shi tsage gaskiya.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. Alberto Salazar ya yi gudu a Jami'ar Oregon a ƙarƙashin Dellinger ɗin da na ambata, ya ci fanfalakin New York sau uku, sannan ya jagoranci sansanin horo na Nike a Oregon, inda Mo Farah da Galen Rupp suka fito suka ɗauki zinare da azurfa a mita 10,000 a Landan a 2012. A 2019 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ta dakatar da shi shekara huɗu, aka rufe sansanin. A shekarar ce Mary Cain, wadda ta shiga hannunsa tana 'yar sakandare, ta fito ta ce an matsa mata ta rage ƙiba har al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Ya musanta yawancin zarge-zargen. Amma ku yi tunani: da an yi fim a kansa a 2012, da wane irin koci za a nuna mana? Da mun ga mai tsanani, mai hangen nesa, wanda hukuma ba ta fahimta ba, kuma da mun tafa masa. Tsawa da tilas da muka saba yi wa tafi a majigi, su ne dai yarinyar nan ta ce sun karya ta.

Ina da roƙo ga masu shirya fim da ke cikin wannan ɗaki. Tun 2016 ake gudun fanfalaki na Legas, 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, kuma in aka zo rukunin 'yan gida, galibi 'yan Filato ne ke gaba. Waɗannan matasa suna da iyaye, suna da gonaki, suna da masu horar da su da ba a san sunansu ba. Ku je ku zauna da su kafin ku rubuta layi ɗaya. Ku tambayi kocin shekara nawa ya yi a wurin, wa ke biyansa, kashi nawa yake karɓa in yaro ya ci kuɗi, kuma ina waɗanda suka ji rauni suka koma gida. Sannan ku kai makirfo bakin mai gudun, ko da amsarsa gajeriya ce, ku bar ta yadda ya ba da ita.

Ranka ya daɗe shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.